Zama Ɗan Ƙasa Biyu Da Hukuncin Raba Mutum Da Ƙasarsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya zaunar da bayinsa a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, darasinmu na wannan mako a kan wata mas'ala ce wadda littattafan fiƙihu na da ba su yi mata babi na kanta ba, domin ba a san ta da wannan siffa ba a zamanin da aka wallafa su, amma a yau ta shiga gidaje masu yawa. Ita ce wadda Larabawa ke kira jinsiyya, watau zaman mutum ɗan wata ƙasa a idon doka. Tambayoyi biyu za mu duba. Ta farko, shin ya halatta Musulmi ya riƙi takardar ƙasa biyu? Ta biyu, shin hukuma tana da ikon ta tuɓe wa mutum rigar ƙasarsa ta kore shi? Za mu ɗauki ƙasar Iraƙi ta zama misali, saboda a cikin shekara tamanin da 'yan kai ta jarraba kusan kowane irin hukunci da ake yi a wannan babi, sa'an nan mu komo gida mu duba namu.

Asalin Kalmar

Kalmar jinsiyya daga jinsi aka ciro ta, watau iri ko nau'i. Wanda ya nemi shiga jinsiyyar da ba a haife shi a cikinta ba, aikin nasa shi ake kira tajannus. A zamanin magabata ana sanin mutum da ubansa, da addininsa, da garin da ake danganta shi gare shi. Shi ya sa muke jin Buhari, da Ƙairawani mai Risala, da Alkanawi, da Alkashinawi. Malami yakan tashi daga Tilimsana ya zo Kano, ko ya tashi daga Katsina ya zauna Masar har ya rasu a can, ba wanda zai tare shi a hanya ya ce ina fasfo. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ita ce ta kafa dokar jinsiyya irin ta zamani a 1869, kuma daga gare ta ƙasashen Larabawa da yawa suka gaji tasu bayan ta rushe.

Larabawan Kano

Mu mutanen Ƙofar Mazugal da kewayenta ba sai an ba mu labarin baƙin Larabawa ba, domin ta wannan sashe na arewacin ganuwa ayarin Sahara ke fuskantar birni. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya sauka Kano, ya rubuta wa Sarki nasiha a kan sha'anin mulki, ya bar zuriya a nan. Su ne tushen Sharifai, kuma har yau ana girmama sarautar Sidi Fari. Daga baya fataken Gadamus da Turabulus suka zauna a gindin Dala. Baturen nan matafiyi Barth ya tarar da su a can a 1851. Kafin Nasara su zo, su ake kira Turawa, kuma sunan Dandalin Turawa shaida ne. Sunan unguwar Alfindiki daga funduƙ yake, watau masaukin fatake. Ko gurasa da alkaki da muke ci, sunayensu na Larabci ne.

To, a dubi halin ɗaya daga cikin fataken nan. Ya zo Kano yana ƙarƙashin Sarkin Istambul. A 1903 Ingilishi suka ci Kano. A 1911 Italiya ta auka wa Turabulus, a shekarar nan kuma dogo ya iso Kano, cinikin raƙuma ya soma mutuwa. A 1951 ƙasar da ya baro ta zama Libiya, a 1960 wadda yake zaune a ciki ta zama Nijeriya mai mulkin kanta. Shi dai yana zaurensa bai gusa ba, matarsa Bakanuwa, 'ya'yansa ba su da harshen da ya wuce Hausa, amma tutoci sun yi ta sauyawa a kansa. Jikan wannan mutum ɗan wace ƙasa ne? Wannan tambaya ce dokokin jinsiyya suka zo su amsa, kuma yadda aka amsa ta shi ke jawo zaman lafiya ko kuka.

Abin Da Ya Faru A Iraƙi

Dokar jinsiyya ta farko a Iraƙi ita ce mai lamba 42 ta 1924. Ta ce duk wanda yake talakan Daular Usmaniyya, kuma yana zaune a Iraƙi ranar 6 ga Agusta, 1924, ya zama ɗan Iraƙi. Sai dai akwai jama'a masu yawa waɗanda iyaye da kakanninsu a Bagadaza da garuruwan kan iyaka aka haife su, amma an rubuta su a matsayin talakawan Farisa. Da yawa daga cikin kakannin nan sun zaɓi haka ne don gudun a ɗebe su aikin sojan Turkawa. Mafi shahara a cikinsu su ne Kurdawan Faili, waɗanda 'yan Shi'a ne. Suka sami takardar Iraƙi, amma aka riƙa nuna asalin kowa a jikin takardarsa, wannan asalin Usmaniyya, wancan asalin Iran. Wannan ɗan rubutu ya kwanta shekara da shekaru kamar garwashi a cikin toka.

A 1950 aka yi doka mai lamba 1, wadda ta ba Yahudawan Iraƙi damar fita bisa sharaɗin su sauke jinsiyyarsu. A cikin 1950 da 1951 sama da mutum 100,000 suka fita, aka kuma riƙe dukiyarsu. A 1963 aka kafa sabuwar doka mai lamba 43, wadda ta ce ɗan Iraƙin da ya karɓi jinsiyyar wata ƙasa da son ransa ya rasa ta Iraƙi. A 1975, bisa aƙidar jam'iyyar Ba'as cewa Larabawa duk al'umma ɗaya ce, aka yi doka mai lamba 5, wadda ta sauƙaƙa wa kowane Balarabe samun jinsiyyar Iraƙi ba tare da dogon zaman da ake nema ga sauran baƙi ba. Falasɗinawa ne kaɗai aka ware, da hujjar kada haƙƙinsu na komawa ƙasarsu ya ɓace.

Mai karatu ya lura da wannan wuri da kyau. An buɗe ƙofa ga Balaraben da ya sauka jiya daga wata ƙasa, alhali wanda kakansa ke kwance a maƙabartar Bagadaza ana dubansa da shakka. A watan Mayu na 1980 Majalisar Jagorancin Juyin Mulki ta fitar da ƙuduri mai lamba 666, wanda ya ba da ikon a ƙwace jinsiyyar duk wani ɗan Iraƙi mai asalin waje idan an ga ba ya biyayya ga ƙasa da manufofin juyin. Ba a ce sai alƙali ya bincika ba. Aka kwashe iyalai dubbai bisa dubbai, aka karɓe takardunsu da gidajensu da kantunansu, aka zubar da su a kan iyakar Iran. Samari da yawa aka tsare su, iyayensu ba su sake ganinsu ba. A 1981 aka ƙara da wani ƙuduri na ba da kuɗi ga duk namijin da ya saki matarsa mai asalin Iran, dinari 4,000 idan soja ne, 2,500 idan farar hula ne. Waɗanda aka kora kuwa, da yawansu Iran ba ta karɓe su a matsayin 'ya'yanta ba, suka zauna a sansani ba su nan ba su can.

Bayan faɗuwar gwamnatin Ba'as a 2003 aka sake lale. Sashe na 18 na Tsarin Mulkin Iraƙi na 2005 ya ce wanda ubansa ko uwarsa 'yan Iraƙi ne, shi ma ɗan Iraƙi ne, ya hana a ƙwace jinsiyyar wanda ya same ta ta haihuwa ko da wane dalili, ya kuma yarda mutum ya riƙi jinsiyya fiye da ɗaya, amma wanda zai hau babban muƙamin mulki ko na tsaro sai ya ajiye ta waje. Doka mai lamba 26 ta 2006 ta soke ƙuduri na 666, ta buɗe hanyar mayar wa waɗanda aka zalunta jinsiyyarsu, ta kuma soke dokar 1975 mai fifita Larabawa. Baƙon da ke neman zama ɗan Iraƙi sai ya yi shekara 10 a ƙasar. Falasɗinawa dai ba a ba su, kuma ba a mayar wa waɗanda suka fita ƙarƙashin dokar 1950 ba. An gyara doka, amma ba a iya mayar da wanda ya mutu a hanya, kuma wanda aka ƙone takardunsa yakan sha wuya kafin ya tabbatar da cewa shi ne shi.

Matsayin Jinsiyya A Shari'a

Abu na farko da za mu fahimta shi ne igiyoyin da ke ɗaure mutum iri uku ne, kuma kowace da hukuncinta. Akwai igiyar nasaba, wadda ba mai iya kwance ta. Aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta yi umurni a riƙa kiran kowa da sunan ubansa na gaskiya, kuma hadisai ingantattu sun tsananta a kan mai danganta kansa ga wanda ba ubansa ba. Akwai igiyar addini, wadda ta haɗa Bilalu mutumin Habasha da Salmanu mutumin Farisa da Suhaibu wanda ya tashi a ƙasar Rumawa a sahu guda da manyan Ƙuraishawa. Sa'an nan akwai igiyar alkawari da zaman tare, irin wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla a takardar Madina tsakanin Muhajirai da Ansaru da ƙabilun Yahudawa, kowa da haƙƙinsa da abin da ke wuyansa.

Jinsiyya ta wannan zamani a kashi na uku take. Alkawari ne tsakanin mutum da hukuma, shi ya bi doka ya taimaki ƙasa, ita kuma ta kiyaye ransa da dukiyarsa da mutuncinsa. Aya ta 72 a Suratul Anfali ta nuna mana cewa igiyar addini da ta alkawari suna iya rabuwa, domin ta bambanta hukuncin muminan da suka yi hijira zuwa Madina da na waɗanda ba su yi ba, ta wajabta a taimaki waɗannan na biyu idan sun nemi taimako a kan addini, sai fa idan a kan mutanen da ke da alkawari da Musulmi ne. Ashe Musulmi yana iya zama ɗan'uwanka a addini alhali ba hukuma ɗaya ke riƙe da ku ba. Ayar farko ta Suratul Ma'ida kuwa ta wajabta cika alkawura baki ɗaya.

Hukuncin Riƙe Biyu

Malamai sun yi saɓani a kan karɓar jinsiyyar ƙasar da ba ta Musulmi ba, kuma ya kamata a san dalilin kowane ɓangare. A Aljeriya, dokar Faransa ta 1865 ta ce Musulmin da ke son zama cikakken ɗan Faransa sai ya bar hukuncin Shari'a a kan aure da saki da gado. A Tunisiya aka yi doka a 1923 don jawo mutane su shiga jinsiyyar Faransa. Malamai suka tashi tsaye. Shaihu Abdulhamidu ɗan Badis, shugaban ƙungiyar malaman Aljeriya da aka kafa a 1931, ya ba da fatawa mai tsanani a kan masu yin haka. A Tunisiya, cikin 1932 da 1933, jama'a sun hana a binne irin waɗannan mutane a maƙabartun Musulmi, har sai da hukuma ta ware musu wuri dabam. Illar hukuncin a fili take. Tajannus a wannan lokaci yana nufin juya wa Shari'a baya da ƙarfafa mai mulkin mallaka a kan 'yan'uwa.

Waɗanda suka sauƙaƙa kuwa sun kafa hujja da hijirar Habasha. Sahabbai sun zauna ƙarƙashin kariyar Najjashi tun shekara ta 5 bayan aiko Annabi, kuma Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib da jama'arsa ba su komo ba sai a shekara ta 7 bayan Hijira, lokacin buɗe Haibara, watau sun ci gaba da zama can shekaru bayan an kafa hukumar Musulunci a Madina. Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne hukunci yana bin illarsa. Idan takardar ba za ta tilasta wa mutum barin addininsa ba, yana da ikon yin ibadarsa a fili da tarbiyyar 'ya'yansa, kuma yana da bukata ta gaskiya kamar tsira da rai, ko neman ilmi, ko sana'a, to, babu laifi. Idan tsakanin ƙasashen Musulmi biyu ne, al'amarin ya fi sauƙi. Amma wanda ya san zuriyarsa za ta narke a can, sai ya ji tsoron Allah a kan amanar da aka ba shi.

Akwai sharuɗɗa waɗanda ba a saɓa a kansu ba. Ba ya halatta a sami takarda ta hanyar ƙarya, ko rantsuwar zur, ko sayen takardar haihuwa, ko auren da aka ƙulla don takarda kawai da yarjejeniyar rabuwa. Mafi muni shi ne mutum ya rubuta ɗan wani a matsayin ɗansa don ya shigar da shi wata ƙasa, domin wannan wasa ne da nasaba, kuma gobe yana iya rikita gado da muharramaka. Haka nan idan dokar ɗaya daga cikin ƙasashen ta hana riƙe biyu sai da izini, kamar yadda yake a Sa'udiyya, ɓoye ta biyun yaudara ce. Wanda kuma ya ɗauki alkawari biyu, duka biyun suna wuyansa. Sharaɗin da Iraƙi ta sa wa masu manyan muƙamai yana da fuska a hankali da Shari'a, domin Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda aka damƙa wa asirin ƙasa bai kamata ya kasance yana da ƙofar baya da zai fice ran da abu ya ɓaci ba.

Hukuncin Korar Mutum Daga Ƙasarsa

Alƙur'ani mai girma ya ɗauki fitar da mutum daga gidansa babban zalunci. A ayoyi na 84 da 85 na Suratul Baƙara an ambace shi tare da zubar da jini a cikin alkawarin da aka riƙa wa Bani Isra'ila, aka kuma zarge su da suka karya. A ayoyi na 39 da 40 na Suratul Hajji, dalilin da aka ba da na yi wa Musulmi izinin yaƙi shi ne an zalunce su an fitar da su daga gidajensu ba da haƙƙi ba. Shi kansa Manzon Allah, sa'ad da zai bar Makka, ya bayyana son da yake yi mata da cewa fitar da shi aka yi.

Gaskiya ne akwai kora a cikin haddi. Aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta ambace ta a cikin hukuncin ɗan fashi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ana kai shi wani gari a tsare shi har tubansa ya bayyana. Haka namiji ɗa wanda bai taɓa aure ba idan ya yi zina, bayan bulala ana baƙuntar da shi shekara guda, amma ba a baƙuntar da mace. A duba waɗannan hukunce-hukunce. Laifi ne sananne, an tabbatar da shi gaban alƙali, a kan mai laifin shi kaɗai, zuwa wani gari a cikin ƙasar Musulmi, kuma da iyaka. Dukiyarsa tana nan, aurensa yana nan, gadonsa yana nan. Aya ta 164 a Suratul An'ami ta kafa ƙa'idar cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin laifin wani. Saboda haka korar jariri don abin da kakan kakansa ya rubuta a littafin Turkawa ba ta da wata madogara, balle biyan miji lada don ya saki matarsa.

Wani zai ce, ai an fitar da Banu Nadir daga Madina a shekara ta 4 bayan Hijira. Amsa ita ce su ƙungiya ce mai ganuwa da makamai wadda ta shiga alkawari da sunanta, ta karya shi, aka yi yaƙi, aka yi sulhu a kan su tashi da abin da raƙumansu za su iya ɗauka ban da makamai. Ba don asalinsu aka fitar da su ba, domin an bar wasu Yahudawa a Madina bayansu. Wannan ba ya zama hujja ga hukumar da ta duba launin fata ko sunan kaka ta yanke hukunci.

Dokar Nijeriya

Tsarin Mulkin 1960 da na 1963 da na 1979 ba su yarda baligi ya riƙi ƙasa biyu ba. Na 1999 ya sassauta. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun mulkin kai, idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Wanda aka haifa a waje kuwa, ya isa uba ko uwa ɗaya ya zama ɗan Nijeriya. Jikan Bagadamusen nan da muka ambata, ta wajen kakarsa Bakanuwa ma kaɗai ya tsaya da ƙafarsa. Sashe na 26 ya ba matar ɗan Nijeriya damar yin rajista, amma bai ba mijin 'yar Nijeriya irin wannan dama ba. Shi sai ya bi sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15, da kyakkyawan hali, da shaidar Gwamna cewa jama'ar wurin sun karɓe shi. Ta wannan hanya Kwarori da yawa na Fagge da sauran baƙi suka zama 'yan ƙasa.

Sashe na 28 ya bar ɗan ƙasa ta haihuwa ya karɓi jinsiyyar wata ƙasa ba tare da ya rasa tasa ba. Wanda ya shigo ta rajista ko ta roƙo yana iya riƙe ƙasar haihuwarsa, amma in ya ƙara da wata wadda ba a haife shi ɗanta ba, ya rasa ta Nijeriya nan take. Sashe na 30 ya ba Shugaban Ƙasa ikon ƙwace ta daga irin wannan mutum saboda rashin biyayya da aka tabbatar ta hanyar kotu ko bincike, ko taimakon abokan gaba lokacin yaƙi, ko, ga wanda ya shigo ta roƙo, ɗaurin shekara 3 ko fiye a cikin shekara 7 na farko. Ɗan ƙasa ta haihuwa ba a ƙwace tasa, kuma sashe na 41 ya hana a kore shi ko a hana shi shigowa. Kujerar Shugaban Ƙasa da ta Gwamna kuwa sai ɗan ƙasa ta haihuwa.

Kada mu ce abin da ya faru a Iraƙi ya yi mana nisa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A watan Janairu na 1980, shekarar ƙuduri na 666, aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka tsallakar da shi Cadi da cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta binciki asalinsa, ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne ta wajen mahaifiyarsa, ta soke korar, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta bar shi a kan ƙasarsa. Bambancinsa da Kurdawan Faili shi ne ya sami alƙalin da zai saurare shi.

Hausawa ma sun ɗanɗana. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka taso mutanen zango waɗanda wasunsu a Kumasi da Ankara aka haife su. A watan Janairu na 1983 mu ma muka kori baƙi daga nan. A Sudan, zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, sun tarar dokar 1957 tana neman shaidar cewa kakannin mutum suna ƙasar tun ƙarshen 1897, da yawansu suka daɗe ana kiransu baƙi. A Nijar, a watan Oktoba na 2006, gwamnati ta ba da sanarwar mayar da Larabawan Mahamid na yankin Difa zuwa Cadi, sa'an nan ta janye bayan 'yan kwanaki. Kowa baƙo ne a wani wuri.

Nasiha

Na farko, kowane magidanci ya yi wa ɗansa rajistar haihuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya tun yana jariri, ya adana takardun iyaye da kakanni kamar yadda yake adana takardar gida. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, mai aurar da 'yarsa ga baƙo, ko mai auro baƙuwa, ya bincika dokar ƙasashen biyu kafin a shafa fatiha. A Labanan, alal misali, uwa ba ta ba ɗanta jinsiyya, sai uba.

Na uku, masu zuwa aikin Hajji ko Umra su maƙale a can su tuna da 'ya'yan da za su haifa. Haihuwa a Makka ba ta mai da yaro ɗan Sa'udiyya, kuma idan ba a rubuta shi a ofishin jakadancinmu ba, zai tashi ba makaranta, ba asibiti, ba inda zai nuna ya ce nan ne ƙasata.

Na huɗu, mu kiyaye harsunanmu. Kora ba ta farawa a kan iyaka, a bakin mutane take farawa, sa'ad da aka yi saɓani a kasuwa ko a siyasa sai a tono wa mutum asali, a ce ai kakansa daga Agadas ya zo, ko daga Turabulus, ko daga Cadi. Aya ta 13 a Suratul Hujurati ta sanar da mu cewa an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna, kuma fifiko a wurin Allah da taƙawa yake. Kano tumbin giwa ce, da karɓar baƙo ta yi girma, kuma in aka ce za a tsince kowa a mayar da shi inda kakansa ya fito, kaɗan ne za su rage a cikin ganuwa.

Na biyar, ga mahukunta. Takardar ɗan ƙasa amana ce a hannunku. Kada a sayar da ita ga wanda bai cancanta ba, kada kuma a hana ta ga mai haƙƙi don ba shi da kowa. Addu'ar wanda aka zalunta ba ta da shamaki.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙofar Mazugal, Birnin Kano.